Shekarar da Aka Yi Shanya a Titin Jirgi

Kafin in shiga wannan babi, ya kamata in gaya muku, ku 'ya'yana, cewa ƙwaƙwalwata ba kamar da take ba. Akwai abin da nake gani tar kamar jiya aka yi shi, akwai kuma wanda ban sani ba ko da idona na gani, ko kuwa yawan maimaita labarin ne ya sa ya zauna mini. Maganganun da zan sa a bakin mutane, ma'anarsu nake da yaƙini a kai, ba lafazinsu ba. Abin da ya sa na ware wa wannan shekara babi guda shi ne maganar da na daɗe ina ji a gidan nan, wai na ƙi tafiya Legas ne don ina tsoron hawa jirgi. Gwaggonku Asabe ce ta ƙago ta, Allah ya ji ƙanta, ku kuma kuka gada. Ban ce ina sha'awar hawa jirgi ba. Amma ba shi ne dalili ba, ko kuma in ce, ba shi ne babban dalili ba.

Kun san a nan Dala aka haife ni, a gidan nan da muke ciki, kuma Baba baduku ne. Bayan na gama jami'a da kwas ɗin aikin jiragen sama, aka tura ni wani ƙaramin filin jirgi gabas da Kano, 'yar tafiya ce a mota. Can nake kwana ranakun aiki, in dawo gida ran Juma'a. Filin ba wani abin kallo ba ne: titin jirgi guda ɗaya, 'yar hasumiya mai hawa biyu, ɗakin jira da benci huɗu ko biyar, da motar kashe gobara wadda sai an tura ta take tashi. Tsofaffin wurin sun ce tun zamanin Turawa aka share shi, da hannu, kuma gonakin mutane ne aka karɓe aka kewaye da waya. Shi ya sa ƙauyen da ke jikinsa kowa Bayan Waya yake ce masa, har sunansa na asali ya kusa ɓacewa. An ce da can jirgin wasiƙu ne ke sauka, daga baya aka riƙa kwasar alhazai zuwa Kano, amma wannan ban riske shi ba. Abin da na riska shi ne jirgin fasinja ƙarami da ke zuwa sau biyu a mako, sai kuma jirgin feshi da ke zuwa idan tsuntsayen jan-baki suka sauka wa gero da shinkafa.

A shekarar da nake magana, kamfanin da ke da jirgin fasinjan ya ce ba ya samun riba, ya daina zuwa. Aka fara kwashe ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, har ya rage daga ni sai Sule na kwana-kwana da masu gadi biyu. Sai hedikwata ta sanar da ni cewa akwai gurbi a Legas, da ƙarin girma. A ƙa'ida kuma, filin jirgi ba ya zama a buɗe sai da jami'i mai takardar shaidar kula da shi, kuma an gaya mini a fili cewa ba za a turo wani ba. Idan na tafi, an rufe ke nan. Idan na zauna, gurbin ba zai jira ni ba.

Na kawo maganar gida wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Muna zaune a soro ni da Baba, Yaya Asabe ta zo ganin gida, ta tsaya daga bakin ƙofar tsakar gida tana jinmu. Na zaci Baba zai ce in zauna kusa da shi, don a lokacin ƙafarsa ta fara ba shi wahala. Sai na ji akasin haka.

"Lawan, ni da ka gan ni, a soron nan na zauna ina jiran mai sayen takalmin fata har roba ta cinye kasuwar. Abokaina suka koma Kantin Kwari sayar da yadi, na ce ni ba na barin sana'ar ubana. Ka ga inda ta kai ni. Tashi ka tafi Ikko."

"Baba, idan na tafi rufe filin za a yi."

"A rufe mana!" in ji Yaya Asabe. "Wai gadin me kake yi a can? Ko ungulu ce ke biyan kuɗin sauka?"

Na ce zan duba, bari mu ga yadda abin zai kasance. Sai da na shiga ɗaki mahaifiyarku ta kawo mini ruwa, ta zauna a bakin gado.

"Malam, in ka tafi zan bi ka, in ka zauna ina nan. Amma don Allah ka tsayar da ɗaya. Wannan 'bari mu gani' naka ya hana ni sayen ko buhun gawayi, mudu-mudu nake saye kamar baƙuwa."

Ta yi gaskiya, amma ni ba mutum ba ne mai yanke magana a zama ɗaya. Na roƙi hedikwata ta ba ni zuwa bayan kaka, aka yarda.

To a wannan tsakanin ne abin ya faru. Aikina na kowace safiya shi ne duba titin jirgi daga wannan kai zuwa wancan, ko jirgi zai zo ko ba zai zo ba, a tsince duk wani dutse ko ƙarfe, don ɗan tsakuwa ma yana iya yi wa jirgi illa. Wata safiya ni da Sule muka doshi ƙarshen titin ta gabas, sai muka hango wurin ya yi jajir. Da farko na ɗauka wuta ce. Da muka matsa, ashe tattasai ne da barkono aka baza a kan kwalta, ga kuma tumatir da aka yayyanka za a yi kauɗa. Mata kusan goma suna ta juyawa, sun shigo ta inda waya ta yanke. Wata dattijuwa doguwa, mai tsagar fuska, ta miƙe ta tare ni. Ita ce Iya Tabawa, wadda daga baya na gane ko dagaci ba ya tsallake maganarta a kan abin da ya shafi matan Bayan Waya.

"Manaja, ina kwana. Ya aiki? Au, na manta, babu."

Matan suka kwashe da dariya. Na amsa gaisuwa, na ce, "Iya, nan fa titin jirgi ne."

"Ina jirgin?"

"Zai iya zuwa."

"To in ya zo ka ce ya yi sallama, mu tashi." Ta gyara ɗaurin zanenta. "Ɗana, nan da kake tsaye gonar kakana ce. Ba mu ce a mayar mana ba. Rana kawai muke ara. In muka shanya a ƙasa, rabi yashi ne, a kasuwa a karya mana kuɗi. In muka kai bakin babban titi, mota ta bi ta kai, ko ta bi ta kan yaranmu. Ga kwalta tana kwance tana shan rana a banza."

Na rubuta wa hedikwata ina neman a gaya mini abin da zan yi, shiru. Na sake rubutawa, shiru. Ina iya sa masu gadi su kore su, amma masu gadin 'ya'yan ƙauyen ne, ɗayansu ma jikan ƙanwar Iya Tabawa ne. Kuma na san idan na kore su da rana, waya ce za ta ci gaba da yankewa, awaki su biyo baya. Daga ƙarshe na tafi wurin dagaci muka zauna da Iya Tabawa, muka yi sharaɗi: shanya a ƙarshen gabas kawai, ba a shigo da dabba, ba a danne tabarma da dutse, kowace yamma a share wurin tas, kuma duk lokacin da aka ji jiniyar hasumiya, a kwashe komai a fita, ko da mutum yana tsakar sallar walaha ne ya sallame. Dagaci ya ce banda maganar sallah, na janye wannan.

Gaskiya tsakani da Allah, titin nan bai taɓa yin tsabta irin ta lokacin ba. Da yamma za ka ga mata sun jeru da tsintsiya, ko ƙwayar barkono ba sa bari, don kuɗinsu ce. Mazansu suka yanke ciyawar gefe suka kai wa dabbobi, wadda a da sai mun yi wata muna roƙon tarakta. Amma ni hankalina bai kwanta ba. Kullum ina tunanin, idan jirgi ya zo fa, za su iya kwashewa kafin ya iso? Sai na fara gwaji. In kunna jiniya, in tsaya a hasumiya ina kallon yadda za su yi. Gwajin farko sun yi abin a-zo-a-gani. Na biyu sun ɗan yi nauyin jiki. Har yau ina ganin yawan gwaji yana kan ƙa'ida, sai dai wataƙila na ɗan zarce, domin wajen na biyar ko na shida, Iya Tabawa ta aiko Sule ya gaya mini cewa su ba sojoji ba ne. Shanyar kuma, da kaka ta kankama, a hankali ta riƙa tahowa yamma har ta ci fiye da rabin titin. Na yi magana, aka ce gobe za a matsa.

Ranar da jirgin ya zo, da hantsi ne. Ina zaune a hasumiya sai oba-oba ta yi ƙara, abin da ta yi watanni ba ta yi ba. Matuƙin wani ƙaramin jirgi ne yake neman izinin sauka, ya ce yana ɗauke da babban jami'i daga hedikwata wanda ke zagayen duba ƙananan filaye, a ga wanda za a bari da wanda za a rufe. Ashe an aiko da sanarwa ta wayar ofis, wadda ta daɗe da mutuwa. Na leƙa ta taga, na ga titi ja wur har inda idona ya tsaya. Ban san lokacin da na danna jiniya ba.

Babu wadda ta motsa. Wata ma ɗago hannu ta yi mini daga nesa, irin na sannu da aiki.

Na ce wa matuƙin ya yi haƙuri ya ɗan yi shawagi, titi bai kammala ba. Na sauko a guje, Sule na biye da ni, muna ta ihu. Na iske Iya Tabawa zaune a kan buhu tana cin goro.

"Iya, jirgi! Wallahi yau da gaske ne!"

"Haka ka ce ran Talata."

"Ran Talata ban rantse ba!"

Ta dube ni, ta buɗe baki za ta ƙara wata, sai ƙugin jirgin ya iso mana daga sama. Ta ɗaga kai ta gan shi. Ban taɓa ganin mai shekarunta ta miƙe da irin wannan sauri ba. Ta rangaɗa guɗa ɗaya mai tsawo, irin ta kai amarya, kuma abin da jiniyar gwamnati ta kasa, guɗar nan ta yi shi. Mata suka zabura. Maza suka ɓullo daga gonaki ta kowace kafa ta waya. Masu tabarma suka naɗe, waɗanda suka baza a kan kwalta zalla suka riƙa turawa da tsintsiya da faifai, wasu da mayafinsu. Ni kaina da hular kaina na riƙa kwasa. Ana yi ana atishawa, ana hawaye, ana zagin juna. Wata tana ihu an haɗe mata barkononta da na maƙwabciya, Iya Tabawa ta ce mata, "Ki kwashe tukuna, shari'a sai gida!"

Da aka fita, na sa aka tura motar kashe gobara ta tashi, muka bi titin daga kai har ƙarshe ni da Sule. Matuƙin ya sake kira yana tambaya ko lafiya. Na ce ya ƙara zagaye ɗaya, don na hango wani faifai. Sai da na tabbata babu mutum, babu dabba, babu komai, sannan na ba shi izini. Ya sauka lafiya lau. Abin da ban yi lissafinsa ba shi ne garin yajin da ya maƙale a jikin kwalta. Farfelar jirgin ta tayar da shi gaba ɗaya, kuma cikinsa babban jami'in ya buɗe ƙofa ya sauko. Mutumin kudu ne, dattijo mai furfura, da kwat da jaka. Ya miƙo mini hannu, kafin ya ce uffan atishawa ta kama shi, ya yi ta yi har sai da ya dafa fiffiken jirgi. Mutanen Bayan Waya kuwa sun jeru a jikin waya da buhunansu, suna ta yi masa sannu.

Na kai shi ofis na ba shi ruwa ya wanke fuska. Da Turanci muka yi magana, ga ma'anarta.

"Daga sama na ga titinka ja. Da muka zagayo na ga ya koma baƙi. Me ke faruwa a nan?"

Na yi tunanin abubuwa da yawa da zan iya cewa, amma ban iya shirya ƙarya da sauri ba, ko da na so. Na gaya masa komai, har da sharaɗin da muka yi a gidan dagaci da wasiƙun da ba a amsa ba. Ya ce mu taka titin da ƙafa. Ya duba kwalta, ya duba ciyawar gefe, ya duba inda waya ta yanke. Muna dawowa Iya Tabawa ta ƙwalla mini kira daga bayan waya.

"Manaja! Wannan ne mai rufewar? Ka tambaye shi, in ya rufe, ran da jan-baki suka sauko, a kan rufin ɗakinsa jirgin feshin zai sauka?"

Na fassara masa, na ɗan rage kaifin. Ya yi murmushi, idonsa har lokacin jajir. Sannan ya ce mini abin da ya gani ya saɓa wa ƙa'ida ta ko'ina, kuma dole shanya ta koma ƙarshen titi, bayan layin da zai sa a ja da fenti. Amma ya ce ya zaga filaye da dama a wannan tafiya, wasu ya tarar ciyawa ta fasa kwalta, wasu an sace har ƙofofi, nan ne kaɗai ya sami wanda ya amsa oba-oba. Zai rubuta a bar shi a buɗe saboda jirgin feshi da saukar gaggawa, bisa sharaɗin akwai jami'in da zai ɗauki alhakinsa.

"Na ga sunanka cikin masu tafiya Legas. Ba zan rubuta a bar fili babu mai shi ba. Kafin in hau jirgin can nake son amsa: kana nan, ko ka tafi?"

Na ce ko zai ba ni mako guda in yi shawara. Ya ce an riga an ba ni watanni. Na waiwaya na ga mutanen nan a jikin waya, babu wanda ya tafi, ga Sule tsaye da hularsa a hannu, wanda shi ba a yi masa tayin ko'ina ba. Ba zan ce muku na yi wani dogon nazari ba. Na dai ji bakina ya ce ina nan, kuma da na faɗa, sai na ji wani nauyi da na daɗe ina ɗauke da shi ya sauka.

Ran Juma'a na gaya wa Baba a soro. Ya daɗe yana murza wani guntun fata a hannunsa.

"Na ce kada ka yi irin nawa."

"Na ji, Baba. Ka yafe mini."

"Me zan yafe? Barewa ta yi gudu ɗanta ya yi rarrafe? Allah ya sa haka ne mafi alheri." Ya ajiye guntun fatar. "Barkonon dai, sun ba ka ko kaɗan?"

Sun ba ni kuwa, rabin buhu, kuma kowace kaka sai sun aiko, har na bar aiki. Yaya Asabe da ta ji labari ta ce ita ba ta yarda da wannan tatsuniya ba, tsoron jirgi ne kawai ya hana ni, don ta ji an ce ma'aikatan Legas a jirgi ake yawo da su. Mahaifiyarku kuwa ba ta yabe ni ba, ba ta kuma zarge ni ba. Washegari na ga ana shigo da buhun gawayi biyu.

Ba zan ɓoye muku abin da zaman ya ci ba, don ku ma kun biya wani kaso. Waɗanda muka fara aiki tare suka tafi, wasunsu sun zama daraktoci, sun yi gidaje a Nassarawa, 'ya'yansu sun yi karatu a waje. Ni mataki ɗaya na ƙara har na yi ritaya. Kun tashi kuna ganina daga Juma'a zuwa Lahadi, kuma ɗakin da na yi wa mahaifiyarku alkawarin ɗorawa a sama sai da babbanku ya fara aiki aka ɗora shi. A ɗaya gefen, jirgin feshi ya sauka a filin nan damina da dama, na ga shekarar da ba don shi ba da mutanen yankin ba su kai ko dami ɗaya rumbu ba. Ko hakan ya kai abin da aka rasa, ban sani ba, ba ni da ma'aunin da zan auna. Na dai san ina cin abincina da daɗi, kuma in na tuna shekarun nan ba na jin ɗaci.

Yau filin yana nan, wani matashi ne ke riƙe da shi. Kullum da labarin da ake kawo mini: yau a ce za a yanka shi fuloti, gobe a ce makarantar koyon tuƙin jirgi za a yi, jibi a ce jiragen kaya za su riƙa ɗaukar amfanin gona. Ban ga takardar ko ɗaya ba, saboda haka ba zan ce ga wanda zai tabbata ba. Mai yiwuwa kafin ku karanta wannan an rufe shi.

Iya Tabawa ta rasu, dagacin ma haka, Allah ya gafarta musu. Amma Sule yana raye, yana zaune wurin 'yarsa a Ƙofar Ruwa, kuma cikin matan da suka yi kwasar nan na tabbata akwai saura. Duk wanda ya ga wannan rubutu ya ga na ƙara, ko na rage, ko na sa magana a bakin wanda bai faɗe ta ba, don Allah ya aiko mini, ko ya same ni a soro bayan la'asar, zan gyara kuma in gode. Abu ɗaya ne kawai ba na neman gyaran kowa a kansa: ranar da na miƙa makullin hasumiya, a buɗe na miƙa filin.